Abin da Motar Kwasar Masai Ta Zubar, Mu Muke Aunawa

A cikin darussan da nake koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje, babu wanda ɗalibai suke shiga da yatsina fuska kamar na taɓon masai. Tun daga ranar da aka liƙa jadawali suke fara tsegumi a tsakaninsu, wai Malam zai sa mu wasa da kashi. Ni kuwa ba na musa musu, don kusan haka ɗin ne. Abin da dai nake ƙara musu shi ne, wannan baƙin taɓon da suke ƙyama, da yawansu sun riga sun ci latas ko alayyafon da aka noma da shi ko da ruwan da ya biyo ta kansa, kuma ba wanda ya auna musu abin da ke ciki.

A ƙasashen da ke da bututun ƙazanta a ƙarƙashin gari, ruwan banɗaki da na wanka da na masana'antu duk wuri ɗaya suke taruwa, a tace, ruwan ya wuce, taɓon ya kwanta a ƙasa. Wannan taɓon ne littattafanmu suke magana a kai. Mu a nan, in ka cire irin matatar Wupa da ke Abuja da 'yan tafkunan tace ƙazanta na wasu jami'o'i da barikoki, kowane gida da nasa ramin ne, ko shadda ko sokawe. In ya cika a kira motar zuƙa, ko a kira masu kwasa da hannu, waɗanda Kanawa ke wa laƙabi da gidan kowa da akwai. Su kuma su kai bayan gari su juye. Wani lokaci a fili, wani lokaci kai tsaye a gonar wanda ya roƙa ko ya biya. Manoman kewayen Kano ba yau suka fara ɗaukar sharar birni suna kai wa gona ba, tun zamanin da jakuna ke fita da mangala da rani ake yi. Da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai abin ya ƙaru.

To tambaya biyu ce ke gaban ɗalibi. Ta farko, abincin shuka nawa ne a cikin wannan taɓo, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam, abubuwa ukun nan da ake rubutawa NPK a jikin buhu. Ta biyu, wane irin ƙarfe mai guba ne ya biyo su, kuma nawa ne: dalma, kadmiyam, kuromiyam, nikel, tagulla, tutiya. Ɗalibai suna zuwa da tunanin cewa na'ura ce za ta ba da amsa, su aikinsu kawai su kai mata kwalba. Duk zangon karatun nan abin da nake yaƙi da shi ke nan. Na'urar tana faɗin abin da ke cikin kwalbar da ka miƙa mata, ba ta san daga ina ka ɗebo ba, ba ta san ko ka wanke kwalbar ba.

Shi ya sa muke farawa daga wajen juji, ba daga aji ba. Kafin mu fita nakan yi musu maganar najasa a fili, domin in ban yi ba ita ce za ta tsaya musu a rai. Kowa ya zo da kayan da ba da su zai yi salla ba, a sa farar rigar aiki a kai, da safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da abin rufe hanci. Wannan ba don tsarki kaɗai ba ne. Ƙwan tsutsar ciki yana iya yin watanni, har shekaru, a cikin taɓo bai mutu ba, kuma bushewar da ido ke gani ba ta kashe shi. Wanda ke da rauni a hannu ranar nan rubutu ne aikinsa.

In mun isa, abin da kowane sabon ɗalibi ke yi shi ne ya tsaya nesa, ya miƙa hannu ya kankaro ɓawon sama daga bakin tarin, inda ya fi bushewa kuma ya fi ƙarancin wari, ya zuba a leda ya ce ya gama. Sai in tambaye shi ko ya taɓa raka wani sayen hatsi a Dawanau. Mai saye ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, don ya san masu cika buhu sun san inda ido ke fara sauka. Tarin taɓo ma haka yake, ko da ba wanda ya shirya shi da gangan. Abin da ya fi nauyi yana ƙasa, yashi da ɓarɓashin ƙarfe sun nutse, sama kuwa rana ta gasa, iska ta kwashe wani abu. Kuma motar da ta juye da safe daga gidan haya ta fito, ta yamma wataƙila daga bayan wata masana'anta. Don haka muke ɗiba daga wurare da dama, a zurfi daban-daban, mu haɗa a bokitin roba mu cakuɗa sosai, mu baza, mu raba huɗu, mu zubar da kashi biyu masu kallon juna, mu sake cakuɗa sauran, har ya rage daidai abin da za mu ɗauka. Da cokalin roba muke ɗiba. Akwai wanda ya taɓa zuwa da tsohon shebur mai tsatsa da gwangwanin fenti don ya taimaka, na yi masa godiya na ce ya mayar da su mota. Ba ka zuwa neman dalma da tutiya da kayan da su kansu suke zubar da dalma da tutiya.

Abin da na fi matsa wa a kai shi ne takardar da ake liƙa wa leda. Rana, wuri, zurfi, launi, da kuma amsar tambayar da ɗalibai ke jin kunyar yi: daga wace unguwa aka kwaso? Nakan tura su wajen direban motar ko yaransa. A gaishe su da kyau, a ce sannu da aiki, Baba, don Allah wannan daga ina ne. Mutanen nan sun san garin ta hanyar da ba wani farfesa da ya sani. Su za su gaya maka cewa ramin wancan gida rabinsa tsumma ne da leda, na wancan garejin baƙin mai ne ke yawo a kai, a wancan layin kuwa matattun batura ake jefawa a masai. Duk wannan yana komawa cikin lissafi daga baya. Ƙazantar mutum ita kaɗai ba ta cika ɗauke da ƙarafa masu yawa ba. Abin da ake zubawa a kanta ne ke kawo su: batir, fenti, baƙin mai, ruwan da ya wanko kwanon rufi, da uwa uba ruwan masana'anta.

A Kano ba a maganar ruwan masana'anta a tsallake jima. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, amma manyan kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyam suke jeme fata, shi ne ke ba ta shuɗin nan da ake gani kafin a rina. Ba duka fatar ke shanyewa ba, saura yana bin ruwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ita ma ta kwaso dagwalon cikin birni, su gangara har madatsar Wasai, kuma a gefen wannan ruwan mutane ke noman rani. Ɗalibin da ya ga kuromiyam ya yi sama a samfurinsa, in ya rubuta inda ya ɗebo, yana da abin faɗa. In bai rubuta ba, lamba ce kawai a takarda.

Da mun dawo, kafin komai, sai a raba samfurin biyu. Nan ne wurin da ake yawan tuntuɓe. Littafi ya ce a busar a ma'aunin zafi 105 har nauyi ya daina sauka, ɗalibi sai ya tura duka cikin murhun busarwa. Amma wani kaso na naitirojin ɗin taɓon masai a matsayin amoniya yake, shi ne warin nan mai hawa ka da ke sa ido hawaye, kuma zafi na korar sa. In ka busar kafin ka auna naitirojin, ka auna abin da ya rage ne bayan ka kori wani. Saboda haka kashi ɗaya yana shiga firij da ɗanyensa, ɗaya kuma shi ake busarwa. A auna kafin, a auna bayan, bambancin shi ne ruwa. Daga busasshen kuma a ɗebi kaɗan a ƙona a ma'aunin zafi 550, abin da ya tashi shi ne ruɓaɓɓen abu mai gyara ƙasa, abin da ya rage toka ce da yashi. Ɗalibai kan yi mamakin yawan yashin. Ni ba na yi, na san yadda ake wanke tsakar gida a tura ruwan rami.

Sauran busasshen a daka shi a ɗan turmin tangaran, a tankaɗe da rariyar roba. A nan ake ganin abin da gari ke jefawa: gashi, ƙwayar tumatir, guntun reza, murfin kwalba. Garin taɓon da ya fito baƙi-baƙi ne, ba ya ma wari sosai, har waɗanda suka tsaya bakin ƙofa suna fara matsowa.

Sai ranar narkarwa, wadda ita ce ranar da ba na zama. Giram ɗaya ake aunawa a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, a rubuta ainihin abin da sikelin ya nuna, ba a ce ai kusan ɗaya ne ba. A zuba masa haɗin asid biyu, kashi uku na haidirokulorik da kashi ɗaya na naitirik, haɗin da tun da can aka san shi da narkar da zinare. Da ya sauka a kan garin sai ya fara kumfa yana tasowa, launin ya koma ruwan lemo, wani jan hayaƙi mai duhu ya fara murɗawa a wuyan kwalbar. Wannan hayaƙin ba abin wasa ba ne, yana iya lahanta huhu ba tare da mutum ya ji komai nan take ba, sai bayan sa'o'i. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi kawai ake wannan aiki, in kuwa an ɗauke wuta fankar ta tsaya, to aiki ya tsaya, kowa ya fita. Ana barin sa ya kwana a rufe, washegari a ɗora a wuta kamar sa'a biyu a hankali, ba a bari ya ƙafe. In ya huce a tace da takardar tacewa zuwa kwalba mai dogon wuya, a cika da tataccen ruwa har layin mililita 50. Layin nan kuwa sai an durƙusa ido ya yi daidai da shi. Nakan ga ɗalibi yana tsaye ƙiƙam yana leƙowa daga sama, in ce masa, kai, sunkuya, girman kai ba ya shiga lissafi.

Tare da kwalaben samfur akwai wata da ba a sa mata komai sai asid, ta bi duk hanyar da sauran suka bi, ta kwana, ta hau wuta, a tace ta. Ita muke kira bilank. Kullum sai an sami wanda zai ce, Malam, wannan ai ɓarnar asid ce, tunda mun san ba komai a ciki. Ba na ba shi amsa sai ranar da muka je gaban na'ura. In kwalbar da ba komai a cikinta ta nuna tutiya ko dalma, kuma takan nuna, sai in waiwayo in tambaye shi daga ina ta samo. Daga asid ɗin ne, ko ruwan, ko kwalbar da aka ɗauraye da ruwan famfo maimakon a jiƙa ta a asid mai rauni ta kwana, ko ƙurar hunturu da ta shigo ta taga. Duk abin da ta nuna, sauran kwalaben ma sun kwashi irinsa, dole a cire. Haka kuma kowane samfur sau uku ake narkar da shi. In ukun suka fito kusa da juna, hannunka ya nuna. In ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, ba a zaɓar wanda ya fi kyau, komawa ake yi.

Na'urar da muke auna ƙarafan da ita, wadda kowa ke kira AAS, wani masani ne mai suna Alan Walsh ya fito da dabararta a Ostireliya, ya wallafa a 1955. Dabarar ba ta da wuya. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake sha, nasa shi kaɗai. Sai a kunna fitilar da aka yi da wannan ƙarfen, haskenta ya ratsa harshen wuta na iskar asitilin, irin wadda masu walda ke amfani da ita amma mai tsabta. Wani siririn bututu ya zuƙo ruwan samfur ya fesa cikin wutar, ƙwayoyin ƙarfen su sha wani ɓangare na hasken, na'ura ta auna abin da ya ragu. Dalma a 283.3 ake nemanta, kadmiyam a 228.8, tagulla a 324.8, tutiya a 213.9, kuromiyam a 357.9, duk a ma'aunin nanomita, wanda da shi ake bambanta wani haske da wani. Kowane ƙarfe da fitilarsa, kuma fitilar tana tsufa, ga tsada. Kafin a sa samfur sai an ba na'urar ruwan da aka san adadin ƙarfen da ke cikinsa, daga kaɗan zuwa mai yawa, a ja layi. Da wannan layin ake fassara duk abin da ya biyo baya. Nakan sa kowane rukuni su haɗa nasu ruwan da hannunsu, su zana layin a takardar giraf kafin su kalli na kwamfuta. Suna ganin tsohon yayi ne. Amma wanda ya ɗiga ɗigo biyar da fensir ya ga ɗaya ya kauce, ya san wane ne ya yi gaggawa a cikinsu.

Tutiya takan yi yawa a taɓo har ta wuce ƙarshen layin, dole a sirka da ruwa, sau goma ko fiye, a sake aunawa. Kadmiyam kuma akasin haka, yakan yi ƙasa har ya kusa inda na'urar ba ta iya bambanta shi da babu. A nan nake hana su rubuta sifiri. Na'urar ba ta ce babu ba, cewa ta yi ba ta gani ba, kuma sai ka faɗi iyakar ganinta. Zaiba kuwa ba ma nemanta da wannan hanya, don tana tashi a zafi tun wajen busarwa, tana da nata tsarin daban.

Lissafin da ke biyo baya gajere ne, amma ya kayar da mutane fiye da asid. A ce na'ura ta nuna miligiram 2 na dalma a lita. Kwalbarka mililita 50 ce, wato miligiram 0.1 ne a cikinta, kuma daga giram ɗaya ya fito. Ke nan miligiram 100 a kilo ɗaya na busasshen taɓo. In bilank ta nuna 0.3, to 1.7 ne naka, amsar ta koma 85. In ka sirka sau goma ka manta, ka rage wa amsarka kashi tara cikin goma. Na sha ganin rahoton da aka kwafi lambar na'ura, 2, aka ajiye ta kusa da iyakar da doka ta sa a kilo, aka ce ai taɓon tsaf yake. Shi ya sa ba na karɓar lamba tsirara, sai da ma'auninta a gefe, kuma sai an faɗa mini a busasshe ne ko a ɗanye.

Ɓangaren abincin shuka ya fi daɗi, don akwai launi. Naitirojin da hanyar Kjeldahl muke auna shi, wato sunan ɗan ƙasar Denmak da ya fito da ita a 1883 yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg, kuma har yau ba ta tsufa ba. A dafa samfur da asid na salfa mai ƙarfi da ɗan gishirin tagulla, ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, a yi ta haƙuri har ya washe ya koma kore garau. A zuba masa soda mai ƙarfi, a tura tururi, amoniya ta tashi ta bi bututu ta sauka a wani ruwa mai launin ja-ja, ya juye kore. Sai a riƙa ɗiga asid ɗigo-ɗigo har launin farko ya dawo. A ɗigon ƙarshen nan ne ɗakin ke yin tsit, sannan wata ta ce, Malam, ya juya! Fosfaras da launin rawaya ko shuɗi ake gane shi, gwargwadon sinadarin da aka sa, a auna kaurin launin. Fotashiyam kuma a harshen wuta, kuma kusan kullum kaɗan ne, domin yana narkewa ya bi ruwa tun kafin taɓon ya kwanta. Manomin da ya dogara da taɓo kaɗai zai iya samun ganye kore shar amma ƙasarsa na jin yunwar fotashiyam.

Nan ma nakan sa su juya lambar zuwa abin da manomi ya sani. A ce an sami naitirojin kashi 3 cikin ɗari. Tan ɗaya na busasshen taɓo yana da kilo 30 ke nan. Buhun yuriya mai kilo 50, da yake kashi 46 cikin ɗari ne, kilo 23 yake ɗauke da shi. Sai idon ɗalibai ya buɗe, su ce ashe dukiya ake zubarwa. Sai in ce su dakata. Na yuriya nan take shuka ke samu, na taɓo kuwa yawancinsa a ɗaure yake, sai ya ruɓe a hankali, wani ma sai baɗi. Kuma abin da mota ke juyewa yawancinsa ruwa ne. Amma duk da haka ba ƙaramin abu ba ne, musamman a jigawar da muke nomawa, wadda ruɓaɓɓen abin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ina cikin masu ganin asara ce a bar wannan ya bi rafi, kuma ba na ɓoye wa ɗalibai ra'ayina.

Sai dai tan ɗin da ya kawo naitirojin shi ne ya kawo dalmar. In ka zuba tan 10 a hekta ɗaya na taɓon da ke da miligiram 100 a kilo, ka zuba kilo ɗaya na dalma a gonar. Naitirojin shuka za ta cinye, ruwa ya wanke saura, baɗi sai an ƙara. Dalma tana nan. Ta bana ta hau kan ta bara. Ɗalibanmu ba sa buƙatar dogon bayani a kan dalma, sun taso da labarin Zamfara na 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu. Kadmiyam ne ba su sani ba, shi kuwa a gona ya fi dalma saurin shiga shuka, musamman ganye. Nakan ba su labarin yankin Toyama a Japan, inda ruwan ma'adinai ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, mutane, galibi mata manya, suka riƙa fama da ciwon ƙoda da ƙashin da ke karyewa da ɗan motsi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa kadmiyam ne sanadi.

Da lambobi sun kammala, sai a zo wajen kwatantawa, kuma nan ne nake so su yi gardama. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 ta sa iyakar kadmiyam a taɓon da za a kai gona tsakanin miligiram 20 zuwa 40 a kilo, dalma 750 zuwa 1200, tutiya 2500 zuwa 4000. Ta Amurka ta 1993 ta ce abin da ya wuce 85 na kadmiyam ko 840 na dalma ba ya zuwa gona sam, mai inganci kuwa kada ya wuce 39 da 300. Ɗalibi yakan duba ya ga nasa na ƙasa, ya rubuta ba matsala, ya rufe littafi. Sai in tambaye shi, kuromiyam fa? Ya duba jadawalin Turai bai ga lamba ba, ya duba na Amurka ya tarar an cire shi tun 1995. Ga shi kuma a garinmu shi ne ƙarfen da aka fi zargi. Sannan na'urarmu jimillar kuromiyam take bayarwa, ba ta raba wanda ake jima da shi, mai sauƙin illa, da ɗan'uwansa mai haddasa ciwon daji, wanda sai an yi masa gwaji na daban da ke ba da launin shunayya. Bayan haka, dokokin nan an yi su ne da sharaɗin ana auna ƙasar gonar, ana ƙidaya abin da aka zuba kowace shekara, ana hana zubawa a kan kayan lambun da ake ci ɗanye dab da girbi. Wa ke riƙe wannan lissafi a bakin Jakara? Kuma ƙasa mai yashi, in ta yi tsami, tana sakin ƙarfe ga saiwa fiye da ƙasa mai laka. Don haka nake sa su auna tsamin ƙasar gonar da za a kai taɓon, ba taɓon kaɗai ba. Su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba: Suwizalan ta hana kai taɓo gona gaba ɗaya, ƙonawa take yi, Jamus kuma ta yi doka a 2017 da za ta tilasta wa manyan matatu ciro fosfaras daga ciki.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗa. An sami wata al'ada yanzu, ɗalibin shekarar ƙarshe ya ƙulla samfur a leda ya ba direban mota ya kai wani gari, ya tura kuɗi, bayan mako a turo masa jadawali ta WhatsApp. Bai ga narkarwa ba, bai san ko an yi bilank ba, bai san ko fitilar kadmiyam ɗin tana da rai ba. Na taɓa karɓar irin wannan takarda inda samfura daban-daban daga unguwanni daban-daban suka ba da lamba ɗaya sak har bayan ɗigo. Da na tambaya, sai yaron ya ce, Malam, haka suka ba ni. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don na san yadda ake fama da iskar gas da man janareta da na'urar da ta lalace aka rasa mai gyara. Amma irin waɗannan lambobin suna shiga kundin digiri, daga nan su shiga mujalla, wani ya kafa hujja da su. Yanzu in dole sai an aika, nakan sa a cusa kwalba biyu a ɓoye cikin jerin: ɗaya tataccen ruwa zalla, ɗaya kuma wadda mu muka haɗa mun san abin da ke ciki, duk da lamba irin ta sauran. In amsarsu ta dawo daidai, mu karɓi saura. In ba haka ba, an yi asarar kuɗin mota.

Aikin ƙarshe da nake ba su ba shi da maki mai yawa, amma shi suka fi jin jiki a kai. Bayan rahoton Turanci mai jadawali, kowane rukuni zai rubuta shafi ɗaya da Hausa, wanda za a iya karanta wa mai gonar da ya bar mu muka ɗiba. Ba miligiram, ba nanomita. A gaya masa ko ya zuba ko kada ya zuba, in zai zuba a wace gona, ta dawa da masara ko ta latas, ya bar shi ya bushe ya ruɓe tsawon wane lokaci, me zai ƙara da shi, kuma motar wace unguwa ce zai ce wa a'a. Rukunin da samfuransu uku suka saɓa wa juna sukan zo su ce, Malam, mu me za mu ce masa? Nakan ce su rubuta masa cewa za su dawo, su koma su jiƙa kwalabe a asid, ranar Litinin a sake aunawa.